Yadda ake karɓar kyanwa ko karen da aka tsinto daga hannun 'yan sa-kai

Wuraren da ake tattara kyanwoyi da karnukan kan titi ba su da yawa a garuruwanmu, kuma inda ake da su galibi ba wani babban gini ba ne. Fili ne a bayan gida, da 'yan kejina, da mutum biyu ko uku da suke zuwa bayan sun tashi daga aiki su yi shara, su zuba abinci, su ɗauki hoto su sa a WhatsApp ko Instagram ko Allah zai kawo mai so. Kuɗin abinci da na magani daga aljihun jama'a yake fitowa. Watan da aka samu a yi allura, watan da ba a samu ba a jira. Saboda haka mai zuwa karɓar dabba ya san cewa mutanen nan sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ba lallai ne sun gama komai ba. Aikinka shi ne ka gano abin da aka yi da abin da ya rage, ka ƙarasa. Duk abin da ba ka gani a rubuce ba, ka ƙaddara ba a yi shi ba.

Shawarar gida tukuna

Kyanwar da ta samu kulawa takan yi shekara 12 zuwa 15, kare kuma 10 zuwa 13. Yaron da yake naci yau a kawo masa 'yar mage zai gama sakandare ya bar gida tana nan daram. Don haka wanda za a fara tuntuɓa shi ne mai wuni a gidan, galibi uwargida, tunda ita za ta yi ta fama da kwanon abinci da kaskon yashin da kyanwa take kashi a ciki. In gidan haya ne, a nemi yardar mai gida da ta waɗanda ake haɗa tsakar gida da su, musamman a kan kare. Sau da yawa kare ba don ya yi laifi ake mayar da shi ba, sai don maƙwabci ya ce ko shi ko karen.

A wajen Musulmi babu takaddama a kan kyanwa, ba najasa ba ce, kuma hadisin matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha sananne ne. Kare kuwa an yi rangwame a kan na farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun haɗa da na gadin gida. Wanda zai karɓa ya warware wannan da malaminsa tun kafin ya kawo shi. Kada sai bayan wata biyu zuciyarsa ta ƙi, ya buɗe ƙofa ya kore shi ya koma bolar da aka tsinto shi.

A duba sauran mazauna gidan. Mai tattabaru ko 'yan tsaki ko zomaye sai ya gyara akurkinsu da raga mai ƙananan ido, domin dabbar da ta ciyar da kanta a titi ta iya farauta, kuma ba za ta manta ba don ta samu kwano. In akwai mai asma, a je da shi ya zauna kusa da kyanwoyin kamar rabin awa a ga ko ƙirjinsa zai tashi. Mai juna biyu ba sai an fasa dominta ba, amma ba ita za ta riƙa kwashe kashin kyanwa ba, kuma a kwashe shi kullum: ƙwayar cutar da ake jiye wa ɗan tayi sai kashin ya kwana ɗaya ko fiye kafin ta iya kama mutum.

Abu na ƙarshe kafin ka fita: ka san likitan dabbobin da za ka je wajensa, ka tambayi kuɗin allurai da na fiɗiya tun yanzu. Ma'aikatun jiha suna da asibitocin dabbobi, akwai kuma asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

Abin da za ka gani da abin da za ka tambaya

Ka je da kanka, kada ka yarda a aiko maka. Duk wanda ya turo hoton ɗan kwikwiyo mai kyau ya ce kyauta ne, ka turo kuɗin mota kawai, ka rabu da shi. In ka isa, hancinka zai fara ba ka labari. Warin dabba ba laifi ba ne, amma ƙarnin gudawa mai jini, ko zarnin fitsarin da ke sa ido ruwa, alama ce ta cuta ko cunkoso. Duba ko akwai ruwa mai tsabta a kowane keji, ko an ware marasa lafiya da sababbin zuwa daga sauran.

Sannan ka zauna da wanda yake kula da su kullum, ba mai amsa waya ba. "Malam, yaushe aka kawo ta, daga ina? Ta zo da ciwo a jiki? Me take ci a nan, sau nawa? Ta taɓa cizon wani? An ba ta maganin tsutsa, wane iri, yaushe?" Tambayar ranar zuwa ta fi kowace nauyi, za a ga dalili a gaba. Sai ka nemi katin allura. Kati na gaskiya yana ɗauke da kwanan wata, da 'yar takardar da aka ɓanɓaro daga jikin kwalbar allurar aka manna, mai lambar rukuni da ranar lalacewa, da sa hannun likita ko hatiminsa. "An yi mata duka" ba amsa ba ce. Ka kuma tambayi wanda ya yi allurar da inda aka ajiye ta. Allurar rigakafi tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wadda ta wuni a firjin da aka ɗauke wa wuta kwana biyu ko a aljihun wani a kan babur tana iya zama ba ta da sauran amfani. In ka yi shakka, sake yi ba ya cutarwa.

Su ma za su yi maka tambayoyi: ina gidanka, akwai katanga, wa zai kula, za ka yarda a zo a gani? Kada ranka ya ɓaci. Akwai fataucin karnuka zuwa wuraren da ake cin namansu, kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato ta yi suna a kan haka, kuma mai mafakar dabbobin yana tsoron ya yi wata uku yana jinyar kare ya miƙa shi ga dillali. Wurin da bai tambaye ka komai ba shi ne abin shakka. In sun nemi wani abu na kuɗin allura da abincin da suka kashe, ka biya ka karɓi shaida. Da shi za a sayi abincin na baya.

Duba dabbar da hannunka

Wannan ba ya maye gurbin likita, amma yana hana ka ɗauko abin da ba za ka iya ba. Fara daga kai. Ido ya zama garau, ba kwantsa mai launin ɗorawa ko kore. Kyanwa mai atishawa da majina da idanu a manne tana da murar kyanwoyi, wadda ta zama ruwan dare a inda aka tara su. Tana warkewa, amma tana yaɗuwa ga wata kyanwar, kuma takan dawo duk lokacin da dabbar ta shiga damuwa. Kare mai majina mai kauri da tari da fizgar jijiya a fuska ko ƙafa, a bar shi a hannun likita.

Ɗaga leɓe ka ga dasashi. Na lafiya ja-ja ne mai haske. Danna da yatsa ka saki, jinin ya dawo kafin daƙiƙa biyu. Dasashi fari fat yana nufin jini ya yi ƙasa, ko tsutsar ciki ce ko ƙuma ko zazzaɓin kaska. Tun da bakin yana buɗe, duba shekaru. Kare da kyanwa suna fara famfara a wajen wata uku da rabi zuwa huɗu, daga haƙoran gaba, kuma zuwa wata shida ko bakwai manyan haƙora sun gama fitowa. 'Yar kyanwar da idonta yake shuɗi har yanzu galibi ba ta kai mako bakwai ba. Kada a raba ta da uwa kafin mako takwas, lokacin da nauyinta ya doshi kilo ɗaya. Jaririyar da ba ta fara ci da kanta ba sai an riƙa ba ta madara ta musamman duk awa biyu zuwa uku har cikin dare, kuma madarar shanu ko ta gwangwani gudawa take sa ta. Wannan aikin gwanaye ne.

Kamo fatar ƙeya ka ɗaga ka saki. In ta koma nan take, ruwan jiki ya wadata, in ta tsaya a tattare, dabbar ta bushe. Leƙa kunne: baƙin datti mai ɓurɓushi da yawan kaɗa kai ƙananan ƙwari ne, magani yana kashe su. Don gane ƙuma, tsayar da dabbar a kan farar takarda mai danshi ka taje bayanta kusa da gindin wutsiya. Baƙaƙen ɗigo za su zubo. In suka narke suka yi ja a kan takardar, kashin ƙuma ne, jinin da ta sha ne. Kaska kuma ka neme ta cikin kunne, da tsakanin yatsu, da hammata. Wurin da gashi ya zube ya yi da'ira a fuska ko kunnen kyanwa yawanci makero ne, kuma yana kama yara da sauri. Kare mai susa ba ƙaƙƙautawa, gefen kunne da gwiwa sun yi ɓawo, yana da ƙazuwar karnuka, ita ma takan taɓa mutum na ɗan lokaci.

Akwai wurin da mutane suke jin nauyin dubawa, ga shi a karen titi dole ne. Duba al'aura. Ɗigar jini da wani tsiro ja mai saurin fashewa wani ciwon daji ne da karnuka suke ɗauka ta barbara, ya yawaita a karnukan da suke yawo. Yana jin magani ƙwarai, allurar jijiya ce mako-mako kamar sau huɗu zuwa shida, amma ka san da kuɗinta kafin ka amsa.

Halin dabba kuwa ba a gane shi a tsaye. Tsuguna gefe, kada ka kafa mata ido, ka bar ta ta zo ta shinshina bayan hannunka. Mai ɓuya saboda tsoro yakan saki jiki da lokaci. Wanda yake sandarewa, ya zuba maka ido, ya yi gurnani in an matso kusa da kwanonsa, bai dace da gidan da ke da ƙananan yara ba, ko da an ce maka zai yi gadi. Ga wanda bai taɓa riƙo ba, babbar dabba ta fi sauƙi. Kowa ɗan kwikwiyo yake so, alhali shi ne mai mutuwa da gudawa, shi ne mai tauna takalma, kuma ba wanda ya san halin da zai tashi da shi. Mai shekara biyu halinsa ya riga ya bayyana, 'yan sa-kai sun san shi sarai.

Ciwon haukan kare

A nan ne ba a sassauci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kamar kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kyanwa ma tana ɗauka tana bayarwa, ta cizo ko yaƙushi. Da zarar alamu sun bayyana, a mutum ko a dabba, babu magani.

Abin da mutane suke kuskurewa shi ne tsawon lokacin da cutar take ɓoye. Karen da mahaukacin kare ya ciza a titi zai iya yin makonni, har watanni, yana ci yana wasa, ba alamar komai. Allurar da aka yi masa bayan cutar ta riga ta shiga ba tabbas ne za ta tsayar da ita ba. Shi ya sa aka ce a tambayi ranar zuwa da ko ya zo da rauni. Dabbar da ta yi wata shida a killace, an yi mata allura, hankali ya kwanta a kanta. Wadda aka tsinto makon jiya da tabon cizo a wuya, ba a san abin da ya cije ta ba, ba ta shiga gidan yara sai likita ya faɗi tsawon killacewar da za a yi mata. Ƙa'idar kwana goma da ake ji wani abu ne daban: in kare ko kyanwa ta ciji mutum, aka tsare ta kwana goma tana lafiya, to a ranar cizon ba ta da cutar a miyau. Ba shaida ba ce cewa ba za ta taɓa nuna ciwon ba.

Kuma ba kowane mai ciwon ne yake hauka ba. Wani shiru zai yi, muƙamuƙi ya saki, miyau na dalala, kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro. Kada ka kuskura ka sa hannu a bakin don cirowa. Kulle shi, kira likita. Ana tabbatar da cutar ne ta gwajin ƙwaƙwalwar dabbar, irin wanda ake yi a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos.

In an yi cizo ko yaƙushin da ya fasa fata, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a duba agogo, a shafa aidin ko sifirit, a tafi asibiti a ranar don allurar bayan cizo. Ba toka, ba ganye, ba ɗaurewa a jira gobe. Allurar dabbar kuma ana fara ta daga wata uku, a maimaita duk shekara. A wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, sau da yawa akan samu ana yin ta kyauta.

Ɗaukowa da makonni biyun farko

Kyanwa ba a rungume ta a mota ko a Adaidaita Sahu. Ƙarar hon ɗaya ta isa ta yaƙushe ka ta fice, ba kuwa za ka sake ganinta ba. A sa ta a keji ko kwando mai murfi da aka ɗaure, ko kwali mai ƙarfi da aka huda, a lulluɓe da zane mara nauyi. Ba buhu, ba but ɗin mota. Kare a sa masa abin wuya da yatsa biyu kawai za su shiga tsakaninsa da fata, da igiya, kuma kada a ba shi abinci awa uku zuwa huɗu kafin tafiya saboda amai. A yi tafiyar da sassafe ko da yamma. Ka roƙi tsumman da take kwana a kai, da abincin kwana uku irin wanda ta saba.

A gida, ɗaki ɗaya ko kusurwa ɗaya da aka killace, na tsawon kwana 14. Dalili biyu ne: cututtukan da ta ɗauko a mafaka su bayyana kafin ta haɗu da sauran dabbobi, ita kuma ta san wurin kafin a buɗe mata duka gidan. Kafin ta iso ka bi ɗakin da ido: ragar taga, ƙasan ƙofa, ramin sili, rariyar da ruwa ke fita ta katanga. Duk ramin da kan kyanwa ya shiga, jikinta ma yakan bi. Karen da ya tsorata kuma yana haura katangar da ba ka zata ba, kuma a makon farko ne suka fi gudu.

Ajiye mata kwali a kife da ƙofa a gefe don ta ɓuya. Kyanwa takan yi kwana biyu ko uku a ɓoye, sai dare ta fito ta ci. Kada a jawo ta, kada a tara mata yara. Mutum ɗaya ya riƙa shiga a kan lokaci, ya ajiye abinci, ya zauna kaɗan, ya fita. Amma a lura da kwanon: babbar kyanwar da ta wuce kwana biyu ba ta ci komai ba tana iya samun ciwon hanta, ƙarama kuwa wuni ɗaya ya isa a kai ta asibiti.

Bayan gida na kyanwa roba ce mai faɗi wadda ta fi tsawon jikinta, da yashi mai zurfin kamar santimita biyar, nesa da kwanon abinci. A kwashe kullum, a sauya yashin gaba ɗaya duk kwana biyu zuwa uku in na gini ne, tunda ba ya riƙe wari. In ta koma yi a gefe, ko robar ta yi datti ne, ko wurin ya cika hayaniya, ko ba ta da lafiya. Muzurun da yake ta tsugunawa yana nishi fitsari bai fito ba, mafitsararsa ta toshe, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu yana iya mutuwa. Kare kuma a fitar da shi wuri ɗaya da zarar ya tashi barci da bayan cin abinci da minti 15 zuwa 20, a yaba masa in ya yi. Dukan wanda ya yi a ɗaki ba ya koya masa komai sai ɓoyewa.

Makwancin kare ya zama a inuwa mai iska. Ɗakin kwano da aka kafa a rana, a watan Afrilu na Kano ko Sakkwato, tanda ce. Karen da yake haki da harshe waje, yana tangaɗi, a jiƙa shi da ruwan randa, ba na ƙanƙara ba, a kai shi asibiti. Kada kuma a ɗaure shi da sarƙa dare da rana da sunan zai yi zafi. Zai yi, amma a kan 'ya'yanka.

Abinci

Kwana biyun farko a ba ta abin da ta saba, sannan a riƙa cakuɗa sabon kaɗan-kaɗan har mako guda. Sauyin farat ɗaya gudawa yake kawowa. Wadda ta rame ƙwarai, tausayi yakan sa a cika mata kwano, kuma hakan yana iya kashe ta. A fara da kamar rubu'in abin da ya kamata ta ci, a raba sau huɗu zuwa shida a wuni, a ƙara a hankali cikin mako.

Kyanwa maciyar nama ce. Akwai sinadarin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe sai daga nama da kifi, rashinsa yana makantar da ita ya lalata mata zuciya. Tuwo da miya kaɗai ba za su riƙe ta ba. Babba mai kilo uku zuwa huɗu tana cin busasshen abincin kanti giram 50 zuwa 60 a wuni, kusan cikin ƙaramin gwangwanin madarar ruwa. Mai haɗawa a gida ya dogara da dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, da zuciya da ƙundun kaza, da guntattakin nama daga mahauta, da dafaffen ƙwai, hanta kuma kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako. Kare ya fi ta sauƙi, yana cin shinkafa ko tuwo in an haɗa masa da nama ko kifi ko ƙwai kamar sulusin kwanon. Ƙanana suna ci sau huɗu a wuni har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu.

Ragowar abincin gida matsalarsa albasa da tafarnuwa, suna fasa ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, ga yaji da gishiri. A ɗebi nasu kafin a zuba miya. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Cakulan da inabi da zabibi guba ne ga kare.

Likita, allurai, da gubar da ke cikin gida

A kai ta likita cikin kwana uku na farko, da katin da aka ba ka, da ɗan kashinta a leda in zai yiwu. Ɗan kwikwiyo yana fara allurar haɗaka, wadda za ka ga an rubuta DHLPP a kati, daga mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku zuwa huɗu har ya kai mako 16. Dalilin maimaitawar shi ne kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya kashe ƙarfin allurar farko, kuma ba a san ranar da za ta gushe ba. Allura ɗaya ba ta isa ba, shi ya sa ake ganin wanda "an yi masa" ya kamu da Parvo: amai, gudawa mai jini da mugun wari, bushewa cikin kwana biyu. Kafin ya gama allurai kada ya taka waje. Ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa, kuma abin da yake kashe ta a daɓe shi ne Jik ko Hypo, awo ɗaya cikin awo 30 na ruwa, a bari minti goma, a ɗauraye. Kyanwa tana da tata haɗakar, daga mako takwas zuwa tara, a maimaita haka nan. Babbar dabbar da ba ta da kati, a ɗauka ba a taɓa yi mata ba.

Maganin tsutsa ana bayarwa gwargwadon nauyi, don haka a auna: ka hau sikeli da ita, ka hau kai kaɗai, ka cire. A maimaita bayan mako biyu, sannan wata-wata har wata shida, daga nan duk wata uku. Kaska a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe, ba kananzir ba ashana. Ta fi yawa a tsagar bango da ƙasan makwanci, in ba a yi wa wurin magani ba za ta dawo.

Yawancin gubar da ke kashe sabuwar dabba da niyyar taimako ake ba ta. Panadol, ko kowane farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Maganin ƙuma na kare mai ɗauke da permethrin yana sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu, a karanta jikin kwalba, a nemi wanda aka rubuta na kyanwa ne, irin mai fipronil. Maganin wankan shanu, da Sniper, da fiya-fiya, da baƙin man inji da ake shafa wa kare mai ƙazuwa, duk babu. Izal da Dettol ma kada a goge ɗakin kyanwa da su, tana takawa ta lashe ƙafa, hantarta kuma ba ta iya sarrafa su. Maganin ɓera a ɗauke shi gaba ɗaya, domin ɓeran da ya ci ma guba ne ga wanda ya cinye shi.

Fiɗiya

Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa biyar, tsawon cikin kwana 63 zuwa 65 ne, kuma takan haihu sau biyu ko uku a shekara. Wanda ya karɓi mace bai yi mata aikin hana haihuwa ba, kafin shekara ta zagayo shi ne zai riƙa neman wanda zai karɓi 'ya'ya. Aikin tiyata ne a hannun likita, da maganin barci, a wajen wata huɗu zuwa shida ga kyanwa, kare kuma likita ya duba girmansa ya sa lokaci. Ba a yi musu dandaƙa irin ta bunsuru. Muzurun da aka fiɗiye yana rage yawo da faɗa da fesa fitsari a bango. Za a ce a hana abinci daren da za a yi aikin, bayan an yi kuma a hana lasar wurin har a cire zare a kwana 10 zuwa 14. Allurar tazarar haihuwa ta mutane da wasu suke yi wa karya ko kyanwa tana iya tara mugunya a mahaifa, aikin da za a yi daga baya ya fi na farko tsada da haɗari.

Buɗe ƙofa

Bayan kwana 14, in akwai wata kyanwar a gida, a fara da musayar tsumman kwanciyarsu, sannan a ciyar da su a ɓangarori biyu na rufaffiyar ƙofa, sannan a buɗe kaɗan. Huci da kumbura ba komai ba ne, in dai ba a kai ga kokawa ba. Karnuka biyu a fara haɗa su a waje, kowanne da igiya, kwanonsu kuma a raba. Yara a koya musu abu uku: ba a taɓa mai ci, ba a taɓa mai barci, ba a bin wanda ya gudu. Ƙaramin yaro ba a barinsa shi kaɗai da kare, ko wane iri ne.

Kyanwa kada ta fita tsakar gida sai ta yi mako uku zuwa huɗu, ta gama allurai, an yi mata aiki. Fitar farko a yi ta da safe kafin ta ci, a bar ƙofa a buɗe, a kira ta da ƙarar kwanon da ta saba ji.

In an kai wata biyu ko uku abin ya ƙi, ko ta ciji wani, ko asmar yaro ta tashi, ko an sauya gida, ka kira waɗanda suka ba ka. Kada ka kai ta kasuwa ko bayan gari ka saki, kada ka ba wanda ba ka sani ba. Ka ba su mako ɗaya ko biyu su nemo keji, domin wurin da ta bari an riga an sa wata. Ka mayar da ita da katinta, da ragowar abinci da magani, ka faɗa musu ainihin abin da ya faru, ko da cizo ne, da ranar da ya faru da wanda aka ciza, don su san gidan da za su kai ta nan gaba.